Idon da Ɗaga-Haɓa Ya Gyara

Shekara talatin da huɗu ke nan Baba Ɗaga-Haɓa yana ɗaukar hoto a shago ɗaya, ɗan tsukukun nan da ke tsakanin mai gyaran takalma da kantin magani. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ba wanda zai zauna a kujerarsa bai ji "ɗaga haɓa kaɗan" ba, ko da kuwa haɓar tasa silin take kallo. Mutum ne mai son gyara har abin ya yi yawa. Tun zamanin fim da ɗakin duhu yake bin fuskokin mutane da fensir yana share ƙuraje, da kwamfuta ta zo kuwa sai abin ya zame masa ciwo. Tabo, furfura, jan idon da filasha ke sawa, ba abin da ke tsallake hannunsa. Matarsa takan ce ita dai har yau ba ta ga hotonta ba, na wata ƙanwarta da ba a haifa ba take gani a bango.

Kyamara biyu gare shi. Sabuwar ta masu fasfo ce. Tsohuwar, wadda gilashin bayanta ya mutu tun tuni, ta gida ce, kuma tun da aka haifa masa jika ta koma ta mutum ɗaya. Gimbiya yake ce wa yarinyar. Shekararta biyu ba kaɗan, kullum da la'asar uwarta, babbar 'yarsa, takan biyo da ita shago in ta taso daga makarantar da take koyarwa. Shi kuma ya ɗora ta a kujera ya yi ta ƙyasta mata filasha.

Ran wata Talata da hantsi wata mata ta shigo ɗaukar fasfo. Tana jira a buga mata sai ta tsaya gaban hoton Gimbiya da ke bango, ta yaba idanun yarinyar. Baba, da ba ya iya jin yabo ya yi shiru, ya ce, "Ai da hannuna a ciki. Filasha ba ta shiri da ita. In na ɗauka sai ido ɗaya ya fito fari fat kamar na kyanwa, ni nake mayar da shi baƙi."

Matar ta juyo, murmushin ya bar fuskarta. "Fari, Baba, ko ja?"

"Fari."

"Kullum ido ɗaya ne? Wanne? Tun yaushe?"

Shi bai taɓa lura ba, gyarawa kawai yake.

"Ni nas ce a asibitin ido," in ji ta. "Sau da yawa ba komai ba ne. Wani lokacin kuma abu ne a cikin idon da ba ya jira. Ku kawo ta gobe da safe. Ka zo da hotunan yadda kyamara ta ɗauke su, da kwanan watansu, likita zai so ya san yaushe ya fara."

Tana fita ya ja kujera ya zauna. Ya buɗe hotunan Gimbiya a kwamfuta, ɗari da wani abu, kowanne da idanu biyu baƙi wuluk masu sheƙi. Ɗabi'arsa ce in ya gyara ya ajiye a kan na asali, ya ce me za a yi da mummuna. Na asalin suna wuri ɗaya tak a duniya, cikin katin tsohuwar kyamarar, wani ƙaton kati irin na da, da ba ya shiga kowace kafa a jikin kwamfutarsa. Sai dai a jona kyamarar da kwamfutar ta igiyar waya.

Ya jona wayar, ya kunna kyamarar, ya buɗe manhajar da yake kwashe hotuna da ita. Ta ɗan yi juyi ta rubuta masa cewa ba ta ga kyamara ba. Ga kyamara a gabanta, fitilarta na ci, amma wai ba ta gani. Ya zare ya mayar. Ya sauya kafa, ya bi duk kafofi huɗun da ke jikin kwamfutar. Ya kashe ta ya kunna, ya zauna yana kallonta tana tashi a hankali kamar mai ciwon baya. Ya cire batir ya sa wanda ya cika. Ya hura ramin wayar, ya sakace shi da tsinke har ya fito da ɗan curin ƙura, ya ce to Alhamdulillahi, ashe kai ne. Ya sake jonawa. Amsar dai ita ce.

Masu fasfo biyu suka leƙo, ya ce su dawo gobe, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da ya yi zazzaɓi. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Rabin zuciyarsa na roƙon kwamfutar ta buɗe, rabi na roƙon kada ta buɗe. In farin yana yawo ne, yau dama gobe hagu, to laifin filasha ne, ya sha ruwa ya kwanta. In kuwa ido ɗaya ne kullum, bai san da wane baki zai gaya wa 'yarsa ba.

Azahar ta wuce. Ya shiga bin maɓallan kyamarar da ka, tunda gilashin ba ya nuna komai, yana neman inda ake ce mata ta yi magana da kwamfuta. Ya danna sau uku ya tsaya cak. A nan kusa ne wurin goge kati yake, kuma shi a makance yake tafiya. Ya ajiye ta a kan tebur da hannu biyu, ya ja kujera baya.

Yana nan zaune sai idonsa ya faɗa kan wayar. Sabuwa ce fil, watan jiya ya saya a bakin titi, kuma tun da ya saya caji kawai ya yi da ita, bai kwashe hoto ko ɗaya ba. Wataƙila caji kaɗai ta iya. Tsohuwar wayar kuwa, Gimbiya ce ta tattaune ta lokacin da turamenta ke fitowa. Ya zazzage durowa a ƙasa, tsofaffin batura da rasit da murafan gilashi suka watse, ya tsinto ta, duk sawun haƙora a wuyanta. Ya jona. Kwamfutar ta yi ɗan ƙara, sunan kyamarar ya bayyana, ya saki wayar don ya kama maus, sunan ya ɓace. Ya liƙa salatif, bai riƙe ba. Sai in ya lanƙwasa wuyan wayar da yatsu biyu, ɗaya hannun kuma ya danne kyamarar, sannan take kamawa.

A haka 'yarsa ta same shi, durƙushe a gefen tebur, Gimbiya na saɓe a kafaɗarta.

"Baba, lafiya? Ɓarayi ne suka shigo?"

Ya so ya ce ba komai, ta je ta dawo. Amma hannunsa biyu a ɗaure suke, kuma ba shi da na uku. "Zauna," ya ce. "Danna inda aka ce a kwashe duka."

Ta zauna ta danna. Hotuna suka fara zubowa ɗaya bayan ɗaya, ƙanana, daga na farko. Gimbiya cikin tawul. Gimbiya ta fara zama. Idanu biyu ja, irin na kowa. Yatsunsa sun fara sagewa amma bai motsa ba, daga inda yake ma da ƙyar yake hango sikirin ɗin.

"Baba," in ji ta, "wannan fa? Me ya samu idonta a nan?"

"Wanne ido?"

"Na hagu. Fari ne." Ta matsa gaba. "Nan ma. Nan ma na hagun ne." Muryarta ta sauya. "Baba, wannan mai jar rigar ai shi ne a falona. A can idonta baƙi ne."

"Ni na baƙanta shi."

Ya gaya mata abin da nas ɗin ta ce, kansa a ƙasa, hannunsa na kan waya, don saura hotuna arba'in kuma in ya saki sai a koma farko. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai janyo yarinyar ta ɗora a cinya, ta rufe mata idon dama da tafin hannu, ta ce, "Ina Kaka?" Gimbiya ta fizge hannun da ƙarfi ta fashe da kuka.

"Duba mini kwanan watan na farkon da ya fito fari," in ji shi.

Ta duba. Wata bakwai ke nan.

Wata bakwai yana zaune a wannan kujerar, yana ƙara girman idon har ya cika sikirin, yana shafe shi a tsanake, har da ɗan ɗigon haske yake sawa don ya yi kyau. Da kwashewar ta ƙare ya kasa miƙe yatsunsa. Ya buga guda goma sha biyu. Da firinta ta turo na farko hannunsa ya tafi wajen maus da kansa, ya janye shi ya cusa a aljihu. Su ne hotunan farko da suka bar shagon nan ba gyara. Ya juya bayan kowanne ya rubuta kwanan wata da biro.

Washegari suka tarar da layi har bakin ƙofar asibitin. Nas ɗin ta hango su, ta karɓi ambulan ɗin da ya zuba hotunan a ciki, ta jera su a kan teburinta. Ta ɗora yatsa a kan na farko, ta juya bayansa ta karanta. Sai ta ɗauki Gimbiya da kanta, ta tsallake mutum kusan ashirin, ta tura ƙofar likita ta ce su shigo.

Baba Ɗaga-Haɓa, wanda duk rayuwarsa yake faɗa da masu tsallake layi, ya bi bayansu. Bai taɓa fatan a bar shi ya jira ba sai ranar.