Igiyar da Aka Ɗaura Don Tafiyar Awa Uku

Wata bakwai ban ce uffan ba a wannan zauren namu na salula. Masu tambaya ko na sayar da salula ne, tana nan. Ƙafata ta dama ce babu.

Garinmu yana kan tudu a kwarin Tarka. Da rani, in ka samu mota mai lafiya, awa uku ka shiga Damagaram. Da damina kuwa, in ruwa ya sauko, sai ya kewaye mu ta ko'ina, mu koma tsibiri. Mun san haka tun muna yara, amma ranar ba wanda ya tuna.

Da hantsi ina noman gero kububuwa ta sare ni a idon sawu. Yayana Ilu yana kusa. Ya yanko igiyar guga ya ɗaure mini ƙasan gwiwa, ya ja iya ƙarfinsa, yadda muka ga iyayenmu suna yi.

Ya ce, "Daure, ƙanena. Awa uku ce kawai, lokotoro zai kwance a gidan likita."

Aka ɗora ni a amalanke. Muna isa bakin kwari muka tarar da ruwa ya cika shi, yana jan itatuwa. Ga mota can tsallake muna hangen ta, direba yana ɗaga mana hannu.

Nan na wuni ƙarƙashin aduwa. Dasashina ya fara jini. Ƙafar ta kumbura, ta yi zafi kamar an sa ta a murhu, daga baya ta daina zafin. Wallahi har murna na yi, na ɗauka sauƙi ne.

Da la'asar wani jirgi ya gifta can sama, ya yi kudu. Na bi shi da ido ina lissafi: wannan ko rabin awa ba zai yi ba ya wuce Damagaram. Ni kuwa taku ɗari ya gagare ni. A lokacin tsoro ya kama ni sosai.

Matata Hadiza ta ce, "Yaya, a ɗan sassauta igiyar nan mana, ƙafar ta yi baƙi."

Ni da bakina na hana. Na ce dafin zai haura zuciya.

Washegari da azahar ruwa ya ja baya. Maza huɗu suka tsallakar da ni a kan ƙyauren ɗaki, ruwa iya ƙirji. Motar ta kafe a laka sau biyu. Sai a rana ta uku muka shiga gidan likita.

Aka ɗebi jinina a kwalba aka ajiye, ya ƙi daskarewa. Aka sa mini maganin dafi, aka yi ƙarin jini leda biyu. Jinin baki ya tsaya. Ƙafar dai ba ta dawo ba, har ta fara wari.

Lokotoro ya tsikare ta da allura, ban ji komai ba. Ya ce, "Dafin mun kashe shi. Igiyar ce ta ci ƙafar. Wa ya ɗaura?"

Yaya Ilu yana tsaye a bakin gado. Ya juya ya fita.

Aka yanke daga gwiwa. Kwana arba'in ina kwance, kowace safiya wankin ciwo, ina cizon zanen Hadiza. Har yau yatsun da babu su kan yi mini ƙaiƙayi.

Yanzu ina tafiya da sanduna. Na gode wa Allah, na gode wa Hadiza, da majo, mai jinyar nan da ya riƙa juya ni ba ƙyama.

Jama'a, in maciji ya sari mutum kada ku ɗaure, kada ku tsaga. Ku kwantar da shi, ku hana gaɓar motsi, ku nufi likita nan take. Kuma in damina ce, kada ku auna hanya da tafiyar rani.

Yaya Ilu ne ya nome gonata, ya girbe, ya zuba a rumbuna. Amma tun ranar bai ƙara cin tuwo kwano ɗaya da ni ba, gaisuwa ma daga ƙofar gida yake yi.

Yaya, ba ka da salula, amma na san za a karanta maka wannan. Kai ka ɗaura, ni na hana a kwance. Ka shigo gida, tuwon yana yi mini yawa.