Gangar da Ta Sha Jiƙo

Shekarar da Nasara suka sa a yi musu bariki a gindin duwatsun Dutse, dagacinmu ya aiko aka kwashe shucin da na tara tun kaka don baibayar ɗakinmu. Wai Bature zai zo rangadi, kada ruwa ya taɓa shi. Mu kuwa, da yake da fatar kada aka haife mu, sai aka bar mu da tsohuwar jinka. Baturen ya zo, ya kwana, ya wuce, bariki ya zama na jemagu.

Maigidana makaɗin noma ne. Duk gayyar da za a yi daga ƙauyenmu har bakin Kiyawa, shi ake kira da gangarsa, yana bin samari kunya kunya yana yi musu kirari. Da wannan muke ci, don bai taɓa riƙe garma ba, kuma yana alfahari da haka kamar wata sarauta.

Da marka ta zauna, ɗaki ya fara yoyo daidai inda yake rataye gangar. Fata ta sha danshi ta saki. Idan ya buga, maimakon ta amsa, sai ka ji bif, kamar an jefa tuwo a ƙasa. Ko akuya ta san fata tana saki da laima, tana ɗamewa da zafi. Shi ma ya sani sarai, ai kullum damina yakan kara ta kusa da wuta kafin ya fita. Amma a wannan shekarar wani saurayi ya taso a Kiyawa da tasa gangar, ana ta zancensa a kasuwa, sai maigida ya daina ganin jinka, ya koma ganin maƙiya.

Ya ce, "Sammu ne. Yaron nan ne ya ɗaure mata murya."

Na ce, "Maigida, sammun nan fa ta sama yake ɗigowa. Ga shi ma ya jiƙa mini tabarma."

Ya ce, "Ke, me mace ta sani a harkar ganga?"

To, ai shi ke nan. A gidansu mace ba ta taɓa ganga, wai hannunmu yana kashe mata murya. Ina da murhu, ina da itace, amma ba ni da ikon matsar da ita ko taku ɗaya.

Ya kama zakarana, nawa fa, ba nasa ba, ya kai wa wani boka a bayan dutse. Bokan, Allah ya ƙara masa basira, ya haɗo shi da tulun jiƙon saiwoyi, ya ce a riƙa shafe fatar da shi safe da yamma, kuma kada ta ga rana ko wuta har ranar aiki, don kada magani ya karye. Abin da ruwa ya lalata, aka ce a ƙara masa ruwa. Maigida ya duƙufa, yana shafawa yana tofi, ni ina gefe ina cizon leɓe. Wallahi haushi kamar in mutu.

Ana haka, manomin da ya fi kowa hatsi a garinmu ya kira gayyar huɗa. Kowa ya san makaɗin da ya riƙe wannan gayyar shi ke riƙe sauran na shekara. Na bi matan da ke kai fura, na tsaya a gindin ƙirya ina kallo.

Samari suka jeru da garemani. Maigida ya gyara tsayuwa, ya ɗaga gula, ya sauke. Bif. Ya sake. Bif. Wani daga cikinsu ya ce, "Baba, ko dai ba ta karya kumallo ba ne?" Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ya ja tsarkiya, ya danna da gwiwa, ya yi gumi, fata dai tana nan laɓe-laɓe. A lokacin ne ya waiwayo yana neman wuta, a tsakiyar gona jiƙaƙƙiya.

Mai gona bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cikin ladabi ya ce, "Malam, huta abinka." Ya tura doki Kiyawa, kafin hantsi ya dubi ludayi yaron ya iso, gangarsa na ƙara kamar aradu.

Na zaci maigida gida zai tafi. Sai na ga ya jingina gangar a jikin itace, ya karɓi garmar wani, ya shiga ƙarshen layi. A al'ada wanda ya zo gayya bai yi aiki ba, ba ya cin abincinta, shi kuma ba zai yarda a ce an ciyar da shi sadaka ba. Yana huɗa a karkace, samari na wuce shi, yaron na yi wa kowa kirari. Da yaron ya zo kan maigida sai ya rasa abin faɗi, ya tsallake shi. Nan duk haushina ya tafi, tausayi ya kama ni har na juya gida.

Da yamma ya shigo, tafin hannunsa duk bororo. Na ajiye masa tuwo, ya kai hannu ya kasa gutsura. Ya dubi akushin, ya ce, "Ɗan banzan yaron nan ya iya kiɗa."