Hancin Kwamiti

A garinmu na bakin teku a Konetikat, can ƙasar Amurka, Allah ya ba kowa rabonsa: wani gona, wani jirgin kamun kifi. Kawuna Oziyas Pettibone hanci aka ba shi. Ba girma kaɗai nake nufi ba, ko da yake ta nan ma ba a cuce shi ba, don hancin kan riga shi shiga coci. Tun yana ƙarami yakan tsaya a bakin hanya ya faɗa maka gidan da ake dafa wake da gidan da burodin masara ya ƙone. Sai dai wannan baiwa ba ta ciyar da kowa. Ya gwada ƙira, hayaƙi ya kore shi. Ya gwada jimar fata, wari ya kore shi. Har ya haura arba'in ba sana'a ba mata, yana zaune a ɗakin bayan gidan yayarsa, wato mahaifiyata, yana gaya mata kifi ya kwana tun kafin ta sauke kwando.

Sai Allah ya kawo rikicin shayi. Majalisar Ingila, wadda ba mu da wakili ko ɗaya a cikinta, ta ɗora wa ganyen shayi haraji. Mutanen Boston suka juye shayin da wasu jirage suka kawo a teku, Ingila ta rufe musu tashar jiragen ruwa, mu kuma muka taru a ɗakin taron gari muka ɗaga hannu cewa daga ranar duk wanda ya sha shayi maƙiyin ƙasa ne. Aka koma dafa ganyen daji ana kiransa shayin 'yanci. Duk wanda ya kurɓa ya gane cewa 'yanci ba abu ne mai daɗi ba.

Aka kafa kwamitin sa ido, aka ba Dikin Elkana Bushnell, dattijon cocinmu, shugabanci, don shi ne mai babban kanti kuma ya fi kowa tsawon addu'a. Amma matan garinmu ba yau suka zo duniya ba. Sai su dafa shayi a butar kofi, su ajiye ta a tsakar tebur, ɗan kwamiti ya leƙo ya yaba kishin ƙasarsu ya wuce. Da abin ya ishi Dikin, sai ya tuna da kawuna.

"Ɗan'uwa Oziyas, ƙasa na bukatarka."

"Ni, ranka ya daɗe? Ai ban iya harbi ba."

"Wa ya yi maka maganar harbi? Abin nan da ke gaban fuskarka muke so."

Aka ɗaura masa ƙyalle a hula, shi ke nan Kawu ya zama mutum, har ana kiransa Hancin Kwamiti. Kullum da yamma yakan bi layi hannu a baya, ya tsaya a ƙofa, ya ja iska, ya ce, "Gwaggo, wannan ba kofi ba ne." Sai a karanta sunan matar a taron gari, a hana kowa saye ko sayarwa da gidan har ta fito ta tuba a gaban jama'a. Mutanen da a da ba sa amsa gaisuwarsa suka koma cire masa hula tun daga nesa. Da aka fara yaƙi, samari suka ɗauki bindiga suka tafi, shi kuwa ya zauna, wai ana bukatar hancin a gida.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, shi ne Tirza Gaylord. Mijinta matuƙin jirgi ne, teku ta cinye shi, ta zauna tana gasa burodin citta tana sayarwa. Kawu ya daɗe yana nemanta irin nasa neman: ya faskara mata itace, ya zauna ya yi shiru, ya tashi. Duk da haka ta yarda, aka ce sai bayan girbi. Ɗanta ɗaya, Asa, yana cikin waɗanda suka tafi yaƙi.

Wata yamma Kawu ya je su tsayar da rana. Ya same ta zaune da butar kofi a gabanta, idanu sun yi ja, don ta ji zazzaɓi ya shiga sansanin su Asa. Bai ko gama cire hula ba ya tsaya cak.

"Kofi ne, Oziyas," in ji ta.

"Tirza, ni za ki gaya wa?"

"To, na gaya maka. Ragowar shayin marigayi ne, tun kafin a san da wani haraji. Raina ne ya ɓaci na dafa. Ka ce mura kake yi."

"Hancin nan bai taɓa ƙarya ba."

"Bakinka nake roƙo, ba hancinka ba."

Ya dawo gida ya kasa cin abinci. Mahaifiyata ta matsa masa har ya faɗa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Su wa ke wurin?"

"Ni da ita."

"To ka ja bakinka ka yi shiru."

"Yaya, in aka ji Hancin Kwamiti ya rufa wa wata asiri fa?"

"Wa zai ji, sakarai? Kajinta?"

Amma wanda ya shekara arba'in ba a kula shi ba, ba ya sakin girma don mace. Washegari ya je ya faɗa wa Dikin. A taron gari Dikin ya yi jawabi har da hawaye, ya ce ga mutumin da ya fifita ƙasarsa a kan zuciyarsa, aka tafa. Aka ce Tirza ta fito ta tuba. Ta ce ita ta ba ƙasar ɗanta, in ƙasar na son kofin shayinta ma sai ta zo da kanta ta karɓa. Daga ranar ba wanda ya sake sayen burodinta.

Kafin sanyi ya shigo labari ya zo cewa zazzaɓin ya kashe Asa. Garinmu ya shiga ruɗani, don ba a san ko ya halatta a yi wa maƙiyiyar ƙasa ta'aziyyar ɗan da ya mutu saboda ƙasa ba. Kwamiti ya zauna, ya yanke cewa a je, amma kada a ci komai a gidan. Kawu bai je ba. Itace ya faskara ya jibge mata a bakin shinge, ya ruɓe a wurin.

Yaƙi ya ja shekaru. Aka yi shelar ɓallewa daga Sarkin Ingila, aka sha kashi, aka rama, Faransawa suka kawo ɗauki, a ƙarshe Ingila ta haƙura ta sa hannu. Aka buga ƙararrawa, aka gasa bijimi. Ba a daɗe ba akwatunan shayi suka sauka a tasha, kuma kowa ya san kantin da suka nufa. Dikin ya ce wannan daban ne, wannan na 'yantattu ne. Matan da Kawu ya tona suka jera a layi, ba wadda ta dube shi. Kwamiti ya watse ba ko sallama, kuma har Kawu ya mutu tuzuru ban san gidan da aka taɓa kiransa shan shayi ba.

Sau ɗaya ya gwada gyara abin, ina tsaye a shagona da ke kallon gidan Tirza na ga komai. Ya sa rigar coci, ya sayi ƙunshin shayi mafi kyau a kantin Dikin, ya nufi gidan Tirza, wadda a lokacin wanki take yi wa mutane. Ban ga laifinta ba, amma tausayinsa ya kama ni tun kafin ya ƙwanƙwasa. Ta buɗe, kanta duk furfura.

"Mene ne wannan?"

"Shayi ne, Tirza. Yanzu ai ya halatta."

Ta karɓa, ta kwance, ta shinshina.

"Mai kyau ne kuwa. Na gode."

"In shigo?"

"Tsaya nan, Oziyas. Ai kai daga nan ma kana ji."

Ta mayar da ƙofa ta rufe. Ya tsaya kuwa, hula a hannu, har ruwan ya tafasa.