Bular Inna a Haƙoran Korona

Jiya ina wanki bula ta rina min yatsu, sai marigayi Baba ya faɗo min a rai. In lorinmu ya fara kuka ta baya, a tsakar gida yake kwance korona, giyar da ke juya tayoyin baya. Yakan kwaɓa bular Inna da man inji, ya shafa wa haƙoran, ya juya a hankali ya ga inda suke haɗuwa.

Ran nan Inna ta tarar ya ƙarar da bular. "Malam, rigarka ta Juma'a fa?"

Ya ce, "In dawar ga da ke cikin lori ba ta kai garin Madani ba, mi za mu ci?"

Da riga dishi-dishi ya tafi masallaci. Baba, Allah ya haskaka makwancinka, ya ba ka farin da rigar nan ta rasa.