Sif ɗin Amarya a Hanyar Baure

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da muka ɗauki kayan jeren 'yar goggona daga Daura zuwa Baure. Lokacin ina aji biyar na sakandare, kuma a makon ne malaminmu na fiziks ya gama yi mana bayanin ƙaruwar gudu da raguwarsa. Ya ce ba gudu ne ke wujijjiga mutum a mota ba, canjin gudun ne, kuma duk abin da ke tafiya ba ya tsayawa sai wani abu ya tsayar da shi. Na haddace tsaf saboda jarrabawa.

Goggo mace ce mai son a gani a faɗa. Cikin kayan ɗakin har da wani ƙaton sif na ajiye tufafi, mai madubi tun daga sama har ƙasa, wanda ta daɗe tana zuba wa kafinta ido a kansa. Da aka zo loda akori-kura, direban ya ce a kwantar da shi a ɗaure.

"Hajiya, hanyar nan akwai shanu. Gara a sa igiya."

"Igiya ta goge mini fenti? A tsaye zai tafi, madubin na kallon baya, kowa ya gani."

Na sa baki na ce ai in aka taka birki gaba zai yi. Goggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Malama, ƙarti nawa suka ɗaga shi da ƙyar? Ƙafa gare shi da zai yi tafiya?" Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi, don gaskiya nauyinsa ya sa ni kaina na fara shakkar abin da ke cikin littafi.

Gidan gaba katifa da kwanukan tangaran suka cika shi, saboda haka mu 'yan jere a baya muka zauna, tsakanin sif da kan mota. Kaka, mahaifiyar su Goggo, ta ce ba a yin jeren jikarta babu ita. Aka ba ta wuri mafi faɗi, daf da gindin sif, don ta miƙe ƙafafunta.

Direban ya tashi a hankali. Na ga sif ɗin ya ɗan yi baya ya dawo ya zauna. Da muka hau kwalta gudu ya daidaita, sai ka ce a tsakar gida muke zaune. Ana guɗa, ana waƙa, mutane a bakin hanya suna nuna madubi, Goggo sai washe baki take yi.

Mun kusa Baure sai ga garke ya ɓullo daga cikin gona ya hau titi. Direba ya take birki iya ƙarfinsa. Motar ta tsaya cak, mu kuwa muka tafi gaba gaba ɗaya, goshina ya bugi ƙarfe. Kafin in ɗago na ji ƙarar katako a bayana. Sif ɗin ya zame, ya kife a kan ƙafafun Kaka.

Ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi. Makiyayan da ke kora garken ne suka taya direba ɗaga sif ɗin. Ƙafar hagu ta karye a ƙauri, aka juya da ita Daura. Madubin nan kuwa ko tsaga bai yi ba, har yau yana ɗakin amaryar. Goggo ta zauna a gefen titi tana kuka, ni kuma haushi ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa.

An yi wa Kaka ɗori ta warke, amma da sanda ta ƙarasa rayuwarta. Duk mai zuwa dubiya ya tambayi yadda aka yi, amsarta ɗaya ce: "Motar ce ta tsaya, 'yar nan. Mu da kayan ba a gaya mana ba."

Yanzu ni ke koyar da wannan darasin a wata makarantar 'yan mata, kuma ba na fara shi da lissafi. Abin da ranar ta koya mini shi ne birki mota kaɗai yake tsayarwa, nauyin kaya kuma ba ya maye gurbin igiya. Shi ya sa ko tukunyar gas aka sa mini a bayan mota, ba na shiga sai na ga an ɗaure ta, kowa ya yi dariyar da zai yi.