Digar da Bulus ya bari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Bulus Ɗanladi a Malumfashi, kuma ni na fara saran ƙasar kabarinsa. Ni Musulmi ne, shi Kirista. Wanda bai san kulob ɗinmu ba zai yi mamaki, don haka bari in bi abin daki-daki.

Mu goma sha shida muka kafa shi muna samari, yawancinmu manoman auduga, muka ba Bulus shugabanci. Dokar farko, zama duk ƙarshen wata. Ta biyu, gayya a gonar wanda ciwo ya kwantar. Ta uku Bulus ne ya kawo ta: idan Musulmi ya rasu, Kiristocinmu za su haƙa kabari don mu samu damar wanka da salla, idan Kirista ne, mu mu haƙa suna coci. Saboda wannan doka kaɗai ya sayi diga ya ajiye a zaurensa.

Kiristocin suka koyi duba alƙibla. Mu kuwa, karon farko a Kafur, muka haƙa matsattse irin namu, akwatin gawa ya ƙi shiga. Bulus ya matso ya raɗa mini, "Malam Sule, so kake shi ma ya kwanta a kan haƙarƙari kamar ku?" Muka koma cikin ramin da kunya. Tun daga ranar, sai na auna akwati da igiya kafin a sari ƙasa.

Yau kulob ɗin yana nan, sunan bai canza ba. Amma ba a tambayar mai son shiga halinsa, motarsa ake dubawa. Akwai anko, akwai walima, akwai hotuna. Gayya ta mutu ba wanda ya yi mata jana'iza. Doka ta uku kuwa a gabana aka soke ta. Sabon shugaban ya ce, "Baba, zamani ya lalace. Kowa ya binne nasa, kada a yi mana wata fassara." Da Bulus yana wurin, na san ba zai yi faɗa ba. Tambaya ɗaya zai yi: to, me ya rage da ya haɗa ku?

Bara Malam Haladu, ɗaya daga cikinmu na farko, ya rasu a Dandume. Hanya ba tsaro, diga ba ta je ba. A waya aka yi ta'aziyya.

Cikin goma sha shidan nan saura ni da Ayuba, shi kuma ba ya iya tsayuwa. Digar tana wurina, matar Bulus ta ba ni. Watan jiya na ɗaura ta a babur na kai wa babban ɗan Bulus, Yohanna, magidanci ne a Funtua. Na ce, "Ga amanar mahaifinka. Ranar da ka ji labarina, ka san aikinka."

Ya kalle ta. Sannan ya ce, "Allah ya ja kwana, Baba. Amma mutanenku za su bar ni in shiga maƙabartarku?"

Na sake ɗaura ta a babur. Na dawo da ita gida.

Abin da ya rage na Bulus ke nan: ba hotonsa da ke rataye a ɗakin taro ba, wannan ƙarfen da ke bayan ƙyaurena. Na sake mata ƙota. Na kuma bar wa iyalina wasiyya a jere. Da farko a aika wa Yohanna. Sannan a ɗan jira shi. Idan bai zo ba, su haƙa, amma da digar Bulus.