Rigar da Inna Gudiya Ta Ɗinka wa Mota

Abdulhadi ɗan Danwarai ne, ko da yake in ka tambaye shi yanzu sai ya gyara wuyan riga ya ce maka shi mutumin Jega ne. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, don haka ba mai ba ni labarinsa. Shi ne autan Inna Gudiya. Yana rarrafe ubansa ya rasu, kuma da albasa matar nan ta raine shi. Ta yi dashe, ta yi ban ruwa, ta zauna bakin rudu, rumfar karan da muke ajiye albasa, tana tsince ruɓaɓɓu har idanunta suka dushe. Albasa ta kai shi makaranta, ita ta ɗinka masa rigar salla. Da ya gama karatu ya buɗe shagon kayan sola a Jega, abin da ya fara tsana a duniya shi ne warin albasa.

Ban taɓa ganin mai gudun asalinsa irin wannan bawan Allah ba. In zai ratsa kasuwar Aliero sai ya toshe hanci da hankici, yana yatsina kamar an taka masa ƙafa.

Bara ya sayo mota mai lantarki, fara sol, ba ta shan fetur, ba ta ƙara, faifan solar da ke kan rufin gidansa ke ba ta caji. Ba gudunta ya dame shi ba. Esin cikinta yake ƙauna, na'urar nan mai busa sanyi, domin da ita yake ɗage gilasai ya wuce mu ba tare da ya shaƙi iskar da muke shaƙa ba.

Abin kirki ɗaya ya rage masa: duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan zo gaida uwarsa. Ita kuwa ranar ce kaɗai ranarta a mako. Tun da safe take dama fura, ta share gindin darbejiya inda zai ajiye motar. Ba ta taɓa shiga cikinta ba. In ta ce tana so a ɗan zaga da ita, sai ya ce, "Inna, bari sai ran da ba ki taɓa albasa ba." Ita da ba ta da irin wannan rana tun kafin a haife shi!

Inuwar darbejiyar ba ta kaiwa har la'asar. Shi kuma da ya sha fura sai ya miƙe a ɗaki ya yi barci. Tsohuwa ta ga rana na dukan motar ɗanta, ta yi mata abin da muke yi wa duk abin da muke tattali: ta kwaso tsofaffin buhunan albasa ta lulluɓe ta, har da gilashin gaba, ta kwashe kafin ya tashi don kada ya yi faɗa. Haka ta yi ta yi kowane mako.

Da bazara ta kankama, esi ya fara busa iska mai ɗumi, ita ma da ƙyar. Abdulhadi ya shiga tashin hankali kamar an ce shagonsa ya kama wuta. Ya kai motar wurin Isiyaku mai gyaran esi a Jega, ni kuma ina shagon kusa na kai injin ban ruwa. Sai ga shi sharkaf da zufa, yana cewa lalle babban abu ne ya lalace, sai dai a kai ta Abuja.

Isiyaku ya auna gas, ya tarar a cike. Ya saurari fanka, tana juyawa. Sai ya buɗe ɗan akwatin gaban fasinja, ya zaro matacin iska. Ya fito cunkushe da jan ɓawon albasa, ba ko kafar da iska za ta bi. Ramin da ke ƙasan gilashin gaba, inda mota ke jan iska, shi ma maƙil.

"Ranka shi daɗe, motag ga lahiya lau take," in ji Isiyaku. "Albasa ta ci ta ƙoshi."

Aka yi dariya, irin wadda ba ta da mugunta, don duk wanda ke wurin albasa ce ta ciyar da shi. Isiyaku ya share ramin, ya sa sabon mataci, sanyi ya dawo har gilashi na raɓa. Da mutumin kirki ne, da ya tambayi yadda aka yi, ya ji, ya yi kuka. Abdulhadi bai ko yi murmushi ba.

Washegari ya zo Danwarai, bai fito daga motar ba. Ya sauke gilashi kaɗan, daidai yadda magana za ta fita.

"Inna, ke kika sa mani buhu bisa mota?"

"Rana na gani tana cinta, Auta. Mi ya hwaru?"

"Kin kunyata ni gaban mutane. Wurin ga ba ya yi ma mota."

Ya ɗage gilashinsa ya juya. Furar ma bai tsaya an kawo ba.

Inna Gudiya ba ta ga laifinsa ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Buhuna ta ɗora wa laifi. Ta buɗe adakarta ta fito da zannuwanta na fita biki, waɗanda ba su taɓa zuwa bakin rudu ba, ta wanke su da sabulu mai ƙamshi, ta zauna da allura da idanun nan nata ta haɗa su, ta yi wa mota riga. Ni na kai masa saƙo har shago cewa an ɗinka, ba ko ɓawo ɗaya a jiki. Ya ce to, zai duba lokaci.

An yi damina, an kwashe gero, ga shi har mun sake dashen albasa. Jiya na gan shi a hanyar Maiyama, gilasai a ɗage, sanyi na kaɗa masa gefen hula. Esinsa bai sake ɓaci ba, na ba shi wannan. A Danwarai kuwa, duk Juma'a tsohuwa tana share gindin darbejiya, ta ɗauko rigar motar a ninke ta ajiye kan cinyarta, ta zauna tana kallon hanya har a kira la'asar.